Kallon tsuntsayen ruwa da hunturu a fadamun Haɗejiya da Nguru: daga shiri zuwa ƙidaya

Idan sanyi ya kama Turai da Rasha, tafkuna suka daskare, agwagin ruwa da tsuntsayen bakin gaɓa ba su da abin ci a can. Sai su yo kudu, su ƙetare Bahar Rum da hamadar Sahara, su sauka a ruwan farko da suka tarar. Ɗaya daga cikin manyan masaukansu shi ne fadamun Haɗejiya da Nguru, inda kogin Haɗejiya da na Jama'are suke bazuwa a fili kafin su zama kogin Yobe mai gangarawa Tafkin Chadi. Tafkin Nguru da mashigin Marma su ne wuri na farko a Nijeriya da aka sa a jerin dausayoyin duniya na yarjejeniyar Ramsar, a shekarar 2000. A 2008 aka ƙara da tafkin Dagona a Yobe da dausayin Baturiya a Jigawa. Abin da za a faɗa a nan ya shafi waɗannan wurare ne, amma zai yi wa mutum aiki a tafkin Maladumba kusa da Misau, ko Madarumfa a jihar Maraɗi, ko Tabalak a jihar Tawa.

Yawancin waɗanda suke dawowa daga tafki suna cewa ba su ga komai ba, ba rashin tsuntsu ne ya same su ba. Ko dai sun makara, ko sun tsaya rana na dukan idonsu, ko sun kori tsuntsayen da kansu tun kafin su ɗaga madubin hangen nesa.

Wata da sa'a

Baƙin suna fara isowa daga Satumba zuwa Oktoba, amma a lokacin ambaliya ta cika ko'ina, sun warwatsu cikin ciyawa da gonakin shinkafa inda ƙafa ba ta kaiwa. Ruwa na janyewa suna matsowa wuri guda. Saboda haka Janairu ya fi kowane wata: ruwa ya taƙaita a tafkuna, hanyoyi sun bushe, mazan agwagi kuma sun fara sake gashi zuwa launin da ake gane su da shi. A tsakiyar watan ne ma ake ƙidayar tsuntsayen ruwa ta duniya, wadda ƙungiyar Wetlands International ke tsarawa, an kuwa faro ta tun 1967. Daga ƙarshen Fabrairu zuwa Maris sai a ga sun fara raguwa. Kada ka ɓata lokaci neman shamuwa: ita baƙuwar damina ce, da hunturu tana kudancin Afirka.

A Janairu rana na fitowa wajen ƙarfe 7 saura kwata a yankin Nguru. Ka kasance a mazauninka minti 20 ko 30 kafin nan. Agwagi da yawa da dare suke kiwo a fadamu da gonaki, da asuba su komo tafki su huta, wannan dawowar kuwa ita ce abin kallo mafi girma a yinin. Daga ƙarfe 10 da rabi zafi yake fara tashi daga ƙasa, abin da ke nesa ya riƙa rawa a madubi, ba ka iya rarrabe launi. Ka huta, ka dawo bayan la'asar.

Sai batun hazo. Ranar da ya sauka sosai, har ba ka ganin itatuwan da ke tsallaken tafki, ƙidaya ba za ta yiwu ba. Ka bar manyan garkunan tsakiyar ruwa, ka zauna da ƙananan tsuntsayen da ke kiwo kusa da kai a taɓo. Idan tafiyar mai nisa ce, ka ware kwana biyu ko uku don kada hazon kwana ɗaya ya cinye ta.

Izini da ɗan jagora

Dagona na cikin Gandun Dajin Ƙasa na Tafkin Chadi, sashen Bade da Nguru, ba nisa da Gashuwa. Wurin ya yi suna tun tuni, har Yarima Philip na Ingila ya ziyarce shi a 1989. Ba a shiga sai da izinin ma'aikatan gandun, su ne kuma za su haɗa ka da mai rakiya. A tafkunan da ba na gandu ba, ka fara zuwa wurin bulama ko mai unguwa, ka gaishe shi, ka faɗi abin da ya kawo ka, ka nuna masa madubin da littafin. Wannan ba ladabi kaɗai ba ne. Baƙon da ya tsaya a bakin ruwa da asuba yana hange yana rubutu, a halin tsaron da ake ciki, zai jawo wa kansa tambayoyi. Ka tambayi lafiyar hanya tun kafin ka baro gida, kada ka yi tafiyar dare, kada kuma ka juya madubi wajen shingen jami'an tsaro, ko gidajen mutane, ko inda mata ke wanka da wanki.

Ɗan jagoran da ya fi amfani masunci ne. Shi ya san inda dinya ke yini, da inda ruwa ya rage a wannan makon, da mashigin da kacala, wato doguwar ciyawar ruwa, ta toshe. Ku yi ciniki tun a gaɓa, kuma ka bayyana masa cewa ba ka son a tayar da tsuntsaye, domin wasu a ganinsu karramawa ce su buga filafili a jikin kwalekwale garke ya tashi baƙo ya gani.

Madubin hangen nesa da sauran kaya

A jikin kowane madubi akwai lambobi biyu. Idan an rubuta 8x42, yana kusanto da abu sau 8, faɗin gilashin gaba kuma milimita 42. Shi ne ya fi dacewa da mai farawa: yana da haske da asuba, yana nuna fili mai faɗi, hannu kuma ba ya sa shi rawa sosai. Mai 10x42 ya fi kai wa nesa a buɗaɗɗen tafki, amma a cikin kwalekwale wahala ce. Na kasuwa masu jan gilashi da manyan lambobi irin 60x90, ka bar su inda suke. Lambar ƙarya ce, hoton duhu gare shi, kuma galibi bututun biyu ba su daidaita ba. Gwajin mai sauƙi ne: ka kalli wayar lantarki ko bakin kwanon rufi, ka janye madubin daga idonka kamar taƙi ɗaya. Idan layin ya karye, gefe ɗaya ya fi ɗaya tudu, wannan madubin ciwon kai zai sa maka cikin rabin sa'a.

Ka saita shi a gida:

1. Ka lanƙwasa bututun biyu ciki ko waje har da'ira biyun su zama ɗaya.
2. Idan kana sa tabarau, ka murɗa robar bakin ido ta koma ciki. Idan ba ka sawa, ka fito da ita.
3. Ka rufe gilashin gaba na dama da tafin hannu, ka kalli rubutun wani allo mai nisan mita 30 zuwa 50, ka juya dabaran tsakiya har ya fito tar a idon hagu.
4. Ka rufe na hagu, kada ka taɓa dabaran tsakiya, ka juya zoben da ke bakin ido na dama har rubutun ya fito tar.
5. Ka lura da inda zoben ya tsaya. Daga nan dabaran tsakiya kaɗai za ka riƙa taɓawa.

Kuskuren da kowane sabon hannu yake yi shi ne ya sunkuya ya kalli madubin, ya ɗaga, sannan ya shiga laluben tsuntsu. Ka kafe idonka a kan tsuntsun, ka kawo madubin wurin idon ba tare da ka motsa kai ba.

Ƙurar hunturu yashi ce mai laushi, tana kuma karce gilashi. Kada ka goge da bakin riga. Ka fara hure ƙurar, ka share da buroshi mai taushi, sannan ka sa ƙyallen goge tabarau. A kan babur ko a bayan mota, madubin ya zauna cikin leda a cikin jaka.

In akwai hali, babban madubi mai ƙafa uku, wanda ke kusantowa sau 20 zuwa 60, shi ne ke raba agwagin da ke tsakiyar tafki. Ka tsaya a 20 zuwa 30, domin sama da haka hazo da zafi kawai yake ƙara girmamawa. Idan iska na kaɗa shi, ka rage tsawon ƙafafun ka zauna, ko ka rataya jakarka a tsakiyarsu. Sauran kaya: littafin hotunan tsuntsayen Afirka ta Yamma ko manhajarsu a waya, wadda ka sauke tun a gari saboda sabis, ƙaramin littafin rubutu da fensir, ruwan sha lita 2, hula, man leɓe, da rigar sanyi, don da asuba awon zafi kan sauka ƙasa da digiri 15. Tufafi su zama masu launin ƙasa ko toka. Farar shadda tana kaɗawa a iska, tun daga tsallaken ruwa tsuntsu ke hango ta.

Inda za ka tsaya, da yadda za ka matsa

Rana ta kasance a bayanka. Da safe ka tsaya a gaɓar gabas, da yamma a ta yamma. Wanda ya saɓa wannan, baƙaƙen inuwoyi kawai zai gani a kan ruwa mai ƙyalli. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, agwagi kuwa suna son gefen da ciyawa ko tudu ya tare musu ita, saboda haka da safe sau da yawa suna kusa da gaɓar da kake. Illar ita ce iskar na kai musu muryarka, don haka magana ƙasa-ƙasa, waya kuma a kashe ƙararta.

Kada ka fito a kan tudu inda jikinka zai tsaya a sararin sama. Ka sa itace ko ciyawa a bayanka. Ka tafi a karkace, ba kai tsaye wajen garken ba, taku goma ka tsaya ka duba. Alamun da za ka karanta guda uku ne, a jere suke zuwa: sun daina kiwo, sun miƙe wuya, sun fara iyo suna nisantar gaɓa. Da ka ga ta biyu, nan ne iyakarka, ka zauna. Bayan minti 10 zuwa 15 za su koma harkarsu, wasu ma su matso da kansu. Inda ake farauta, agwagi kan tashi tun kana nesa da mita 150 ko fiye. Mai tona asiri shi ne zakaran ƙeƙuwa, mai baƙi da fari da ke tsaye a gaɓa: da ya fara ƙararsa mai kaifi, duk tafkin ya san da zuwanka.

Hana su tashi ba don kallonka kaɗai ba ne. A waɗannan watanni suke tara kitsen da za su sake ƙetare hamada da shi, duk tashin banza kuwa daga wannan kitsen ake cirewa.

Ka kiyayi shiga ruwan da ƙafa. Ruwan kwance mai ciyawa gidan katantanwar da ke ɗauke da tsargiya ne, ƙwayar kuma ta fata take shiga. Takalmin roba mai tsawo, ko ka tsaya a busasshen wuri. Idan ka tarar da matattun tsuntsaye, musamman da yawa wuri guda, kada ka taɓa, kada ka bari yara su ɗauka. Murar tsuntsaye ta ɓulla a Nijeriya tun 2006, tsuntsayen ruwa kuma suna cikin masu ɗaukarta. Ka sanar da ma'aikatan gandu ko ofishin dabbobi mafi kusa.

Gane su

Launi ne abu na ƙarshe da za ka duba, don hazo da nisa suna cinye shi. Ka fara da girma, ta hanyar gwada tsuntsun da na kusa da shi wanda ka sani. Sai siffa: wuya, baki, ƙafa. Sai yadda yake kiwo. Sunayen kimiyya da ke ƙasa iri ɗaya ne a littafin Ingilishi da na Faransanci, da su za ka nemo hoton.

Ka fara da 'yan gida, su ne ma'auninka. Kirinjijiya ba ta ɓuya: farar fuska, baƙar ƙeya, ƙirji ja-ja, tana tsayawa a miƙe kan dogayen ƙafafu, da fito mai gaɓa uku da za ka ji tun kafin ka gan ta. Dinya ta fi kowa girma, baƙa da fari, da jan baki. Inda bado ya rufe ruwa ka duba a hankali, akwai wata 'yar mitsitsiyar agwagwa mai koren baya da gefe ruwan goro, *Nettapus auritus*, tana lafewa tsakanin ganye. A kan ganyen kuma akwai mai dogayen yatsu, *Actophilornis africanus*, jikinsa ja-ja, goshinsa shuɗi.

Cikin baƙi, wadda ta fi yawa ita ce *Spatula querquedula*, ƙaramar agwagwa, ba ta kai kirinjijiya ba, tana kwanciya ƙasa-ƙasa a kan ruwa. Namijin da ya gama sake gashi yana da farin layi mai kauri daga saman ido ya lanƙwasa zuwa ƙeya, ƙirji ƙasa-ƙasa, gefe toka. A Nuwamba da Disamba maza da mata duk kamarsu ɗaya, ɗigo-ɗigo, sai ka dogara da zanen fuska da kuma gaban fiffiken namiji mai haske, toka-toka, idan sun tashi. *Anas acuta* ta fi ta girma da tsawon wuya, namijin kansa ƙasa-ƙasa mai duhu da farin layi da ya hau gefen wuya, bindinsa dogo mai tsini, tana kiwo da kifa kai cikin ruwa bindi a sama. Idan kuwa ka ga agwagwa ta nutse gaba ɗaya ta ɓullo can gaba, jikinta ja mai duhu, ƙarƙashin bindi fari fat, to ka dace da *Aythya nyroca*. Tana cikin waɗanda yawansu ke raguwa a duniya, ka rubuta adadinta ɗaya bayan ɗaya.

Masu kiwo a taɓo sun fi wahala, kuma *Calidris pugnax* shi ke rikita kowa. Namiji ya fi mace girma nesa ba kusa ba, launin ƙafa ya bambanta daga ruwan lemo zuwa kore-kore, sai mutum ya rubuta iri uku alhali ɗaya ne. Ka duba ƙaramin kai, cikakken ciki, baki matsakaici mai ɗan sunkuyawa, da gashin baya da iska ke ɗagawa. Ba ya kuka, kuma dubbansa sukan bi gonakin shinkafar da aka girbe suna tsintar zuba. *Limosa limosa* dogo ne, bakinsa miƙaƙƙe mai ja-ja a gindi, in ya tashi sai farin layi a fiffike da baƙin bindi su bayyana. *Tringa glareola* yana da ɗigo-ɗigo a baya da farar gira da ƙafa rawaya. Wanda ke tafe shi kaɗai a bakin ruwa yana kaɗa bindi sama da ƙasa ba hutawa, *Actitis hypoleucos* ne.

Fararen masu dogon wuya ba duka ne balbela ba. Balbela gajeren baki rawaya gare ta, tana bin shanu. Mai baƙin baki da baƙar ƙafa da yatsu rawaya daban ne, babban da ya kusa kai zalɓe tsawo, mai rawayan baki, shi ma daban. Akwai kuma wani baƙi wuluk da kan tsaya a ruwa marar zurfi ya kifa fikafikansa a kan kansa kamar laima, ya yi inuwa, ya cafke kifin da ya shigo cikinta. In ka same shi, ka ajiye fensir ka kalla.

Abin da ba ka gane ba, ka rubuta siffarsa nan take kafin ka buɗe littafi, don hoton littafi yakan sa ido ya tuna abin da bai gani ba. Kana iya ɗora kyamarar waya a bakin idon madubi ka ɗauki hoto, ko da dishi-dishi ne.

Ƙidaya

Garken da bai kai 100 ba, ɗaya-ɗaya ake ƙirga shi. Wanda ya fi haka, ka ƙirga 10 a gefe ɗaya, ka riƙe faɗin wurin da suka ci a idonka, ka jera irinsa har 50, sannan 100, daga nan ka bi garken ɗari-ɗari. Ka fara daga wata alama tsayayya, itace ko turken masunta, ka tafi gefe guda ba komowa. Kusan kullum kuskuren na ragewa ne, saboda tsuntsayen da ke can baya sun matsu a ido, wurin da ya ɗauki 100 a gaba yana iya ɗaukar ninkinsa a baya. Ka ƙirga sau biyu. In ku biyu ne, kowa ya rubuta nasa kafin ya faɗa, idan tazarar ta wuce kashi 10 cikin 100 ku sake.

Garke mai gauraye, ka fara da jimilla. Sannan ka zaɓi wurare uku ko huɗu, gaba da tsakiya da baya, a kowanne ka rarrabe tsuntsu 100 iri-iri. A ce jimilla 3,000 ce, a kowane ɗari kuma kusan 70 iri ɗaya ne, to wannan irin ya kai wajen 2,100. Dole samfurin ya fito daga wurare daban-daban, don kirinjijiya kan taru a gaɓa, masu nutso kuma a zurfi.

Wani shaho mai shawagi ƙasa-ƙasa a kan ciyawa, fikafikansa a ɗage, *Circus aeruginosus*, shi ma baƙon hunturu ne, yakan tayar da garke ana tsakiyar aiki. Ka jira su sauka ka faro daga farko. Waɗanda suka bar tafkin, ka rubuta adadi da lokaci da inda suka nufa, don kada a sake ƙirga su a tafki na gaba.

Rubutawa

A saman shafi: kwanan wata, sunan wurin kamar yadda mutanen garin ke kiransa, lokacin farawa da gamawa, ƙarfin hazo, da kashi nawa na tafkin ka iya gani. Ka ƙara da halin ruwan: iyakar inda ya kai a jikin wata alama da za ka sake samu baɗi, da yawan filin da kacala ta rufe. Wannan na da muhimmanci a nan fiye da wurare da yawa, domin tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992 ambaliyar fadamun ta canza, kacala ta toshe mashigai, wani tafkin ya cika wani ya ƙafe. Raguwar tsuntsu a wuri ɗaya tana iya zama ƙaura ce kawai zuwa inda ruwan ya koma.

Idan ka hango zobba masu launi a ƙafar tsuntsu, ka rubuta ƙafar hagu daban, ta dama daban, daga sama zuwa ƙasa, da wanda ke saman gwiwa da wanda ke ƙasanta. Jerin launin ne ke nuna ko wane tsuntsu ne da ƙasar da aka sa masa.

Bayanan su bar littafinka. Ana shigar da su a eBird, shafin intanet na tattara bayanan tsuntsaye, ko a manhajar BirdLasser don aikin taswirar tsuntsayen Nijeriya da APLORI, cibiyar binciken tsuntsaye ta Jos, ke jagoranta. A tsarin taswirar an yanka ƙasa gida-gida, kowanne kusan kilomita 9 tsawo da faɗi, ana kuma son aƙalla sa'a 2 na dubawa a gida ɗaya, a rubuta duk irin da aka gani ko aka ji, har da kurciya da hankaka. Irin da ka nema da kyau ba ka samu ba, ka sa masa sifili a littafinka, wanda ba ka samu damar nema ba kuma ka ja masa layi, don kada ka haɗa su idan ka zo gwada bana da baɗi.